Daga silinda 6 zuwa silinda 8: waɗanda suka san motocin biyu, a yi mana lissafi

Lawali, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Magana ce ta mai Prado ta esansi, silinda 6, inji lita 4.0, da ke son sayar da ita ya cika kuɗi ya ɗauki Land Cruiser mai silinda 8. Aikin motar shi ne yawo cikin garin Tawa, Yamai sau biyu a wata, jefi-jefi Abalak da kaya. Makanikai, direbobi da masu sayar da kayan gyara, me ake samu, me ake rasawa? Lissafi ake so, ba kirarin mota ba.

Malam Isufu makanike, Yamai

Wa alaikumus salam Lawali. Kafin komai, wace V8? A ƙasar nan duk ƙatuwar Land Cruiser V8 ake ce mata, har wadda ba ta da silinda takwas ɗin. Akwai Land Cruiser ƙirar da ake kira 200 da suka fito da injin 1GR-FE, wato injin da ke cikin Prado ɗin nan taka, an ɗora masa gangar jiki mai nauyi. Kada ka dogara da tambarin da aka liƙa a baya. Buɗe gaban motar ka karanta lambar injin, ko ka ƙirga bobin: uku kowane gefe shida ke nan, huɗu kowane gefe takwas.

V8 na gaskiya da ke yawo a nan iri huɗu ne. Akwai 2UZ-FE, lita 4.7, na samfurin 100 da farkon 200. Akwai 1UR-FE, lita 4.6. Akwai 3UR-FE, lita 5.7, mai doki 381, wanda ya fi zuwa cikin motocin Amurka kamar Sequoia, Tundra da Lexus LX570. Sai 1VD-FTV na gazuwal, lita 4.5. Kowanne da halinsa da kuɗin riƙonsa.

Abin da mutane ba su lura da shi ba: tsohon 4.7 na farko doki 235 ne, alhali V6 na Prado ta baya-bayan nan ya haura 270. Inda V8 ya fi shi shi ne ƙarfin ja tun inji yana ƙasa-ƙasa, ba sai an matse totur ba. Amma 200 ta haura tan biyu da rabi, ta fi Prado nauyi da wajen kilo 400, kuma wani kaso na ƙarfin a jan nauyin kanta yake ƙarewa.

Abdu direba

Bari in sa lissafin mai, bisa farashin da aka rage a Yulin 2024: esansi sefa 499 lita, gazuwal 618. Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso wajen kilomita 550 ne, zuwa da dawowa 1,100.

A kwalta, gudu 100 zuwa 110, kilim a kunne, V6 mai lafiya tana shan lita 13 a kilomita 100. Lita 143 ke nan, jikka 71 da ɗoriya (jikka ɗaya sefa 1,000). V8 ta esansi tana shan 16, lita 176, kusan jikka 88. Bambancin tafiya ɗaya bai wuce jikka 17 ba, shi ya sa masu doguwar hanya ke cewa V8 ba ta da ci. Ta gazuwal lita 12 take sha, lita 132, amma da yake gazuwal ya fi tsada sai kuɗin ya kai jikka 81. Ka ga ƙarancin lita bai zama ƙarancin kuɗi ba.

Cikin gari ne ake jin jiki. Tsaya, tashi, a bar inji a kunne saboda kilim ana jiran yara ƙofar makaranta: V6 lita 17, V8 ta esansi 22, mai 5.7 tana iya wuce haka. In kana yin kilomita 1,000 a wata cikin gari, jikka 25 ne ƙari kowane wata, 300 a shekara. Kuma wanda ya bi layin sitasiyo a ƙarancin mai na Maris 2025 ya san ba kuɗi kaɗai ba ne abin lissafi.

Alhaji Mamman mai kayan gyara

Abdu, mai shi ne ƙaramin abu, don kullum ana ganinsa. Abin da ke sa a jingine mota bisa duwatsu shi ne ranar gyara. Buji 8 maimakon 6, bobin 8, injekter 8. Bidanji: V6 lita 5 zuwa 6 take ci gwargwadon shekararta, 4.7 kusan lita 7, 5.7 lita 7 da rabi, ta gazuwal lita 9 da ɗoriya. Da ƙurarmu da zafinmu kilomita 5,000 ake juye mai. Taya ma ba ɗaya ba: Prado 265/65 R17, ita kuwa 200 tana sa 285/65 R17 ko 285/60 R18, sun fi tsada, kuma in ta fashe maka a ƙauye da wuya mai faci ya sami girmanta. Kayan 1GR kuwa a cike suke, sabo da na hannu, don injin yana cikin Prado, Hilux, Fortuner, 4Runner da FJ Cruiser. Kayan 5.7 sau da yawa sai an yi odarsu an jira.

Malam Isufu makanike, Yamai

Gaskiya ne Alhaji. In ƙara da inda kowane inji ke ciwo, don mai saye ya san inda zai haska tocila.

V6 ɗin sarƙa ce ke daidaita masa buɗewar supap, ba ta da ƙayyadadden lokacin canzawa in ana bidanji yadda ya kamata. Shi 4.7 bel gare shi, ana canza shi wajen kilomita 150,000, kuma a canza shi tare da famfon ruwa da ƴan ƙafafun da ke ɗaure shi, don aikin kwancewar ɗaya ne. A samfurin da ke da VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar supap, in bel ya tsinke inji na gudu, fistan yana dukan supap, aiki ya koma na kan inji gaba ɗaya. Motar da ba ta da shaidar an canza bel, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin daga ciniki. Demarer ɗinsa kuma a kwarin tsakanin layukan silinda biyu yake, ƙarƙashin bututun shigar iska. Abin da a wata mota aikin awa ɗaya ne, a nan yini ne. Sannan bakin salansa da ke manne da inji yana tsagewa: ka tada shi da sanyin safiya, in ka ji tik-tik-tik da ke ɓacewa bayan ya yi zafi, shi ne.

Su 4.6 da 5.7 sarƙa ce, an huta da bel. Nasu ciwon yoyo ne: famfon ruwa, da farantin da ke cikin kwarin inji wanda ruwan sanyaya ke tsatsa ta ƙarƙashinsa. Alamarsa busasshen ruwan hoda kamar gishiri a bayan inji, saman bwat, ruwa yana raguwa ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Duba kuma saman radiyato na roba, yana tsagewa da tsufa. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, ƙaramin yoyo kan hanyar Ƙonni ya isa ya ƙone gasket. Kada a zuba ruwan famfo, yana cin aluminiyom yana toshe radiyato.

Zabairu mai gyaran injekter

Ni kan ta gazuwal zan tsaya, don ita ce ke ruɗar mutane. Ƙarfin janta a 200 mai turbo biyu ya kai Nm 650 (ma'aunin ƙarfin juyin inji), na V6 ɗin esansi bai kai 400 ba. In kaya ne ko tirela, babu gardama. Amma kada a ɗauke ta kamar tsohon 1HZ mai silinda 6 da ke cikin fikof, wanda ke haɗiye kowane irin gazuwal ya wuce. Shi 1VD kwamfuta ce ke ba shi mai, da matsi mai tsananin ƙarfi, ramukan injekter kamar bakin allura. Ruwa kaɗan ko ƙasa cikin gazuwal yana goge famfon mai, garin ƙarfen ya bi layi ya kashe injekter takwas ɗin lokaci ɗaya. Gazuwal na jarka a bakin hanya haramun ne gare ta. A ƙara filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta asali, kuma in fitilar ruwa ta kama a tsaya a tsiyaye nan take, ba sai an iso gari ba.

Na biyu ƙura. In murfin akwatin filtar iska bai zauna daidai ba, ko an sa filta mai arha, ƙura tana wucewa ta ci fukafukan turbo da bangon silinda. Cire bututun da ke bayan filtar ka shafa farin ƙyalle a ciki. In ya fito ja, ka bar motar ko nawa aka rage maka. Altarnater ɗinta kuma a ƙasa yake, ruwan kwari da laka na damina suna kashe shi.

Illiya, hanyar Tawa zuwa Agadas

Kun tsorata bawan Allah da yawa. A faɗi alherinta ma. Mota cike da mutum bakwai, kaya a sama, jarkokin ruwa, iska tana bugowa ta gaba: V6 sai ta yi ta sauke giya tana kuka, shan manta ya tashi ya kusa kama na V8. Ita V8 tana tafe a natse. Wuce babbar mota a kwaltar da masu zuwa da masu komawa ke haɗuwa ma ya fi sauri, kuma wannan maganar rai ce. A hanya mai gargada faɗinta da nauyinta suna sa ta zauna.

A rairayi dai ba silinda ke fidda mota ba. Sauke iskar taya zuwa bar 1.2 ko 1.5, sa ƙaramin giya, kada ka yanke totur. Fikof mai doki 130 tana wuce inda V8 mai taya cike da iska ta nutse har ciki, kuma tono ta ya fi wuya.

Hajiya Rabi

Kada a manta takardu. Binyet da asirans bisa dawakin da aka rubuta a kart giriz ake lissafa su, kuma babban inji yana hawa aji na sama. A nemi kart giriz ɗin motar a kai wa mai asirans ya faɗi kuɗin shekara kafin a biya ko dala. A tabbatar kuma da takardar duwan, lambar shasi ta dace da wadda ke jikin mota.

Lawali, Tawa

Na gode ƙwarai. Malam Isufu, in aka bar Prado ɗin aka sa mata injin V8 fa? Ko akwai hanyar tsakiya?

Malam Isufu makanike, Yamai

Kada ka fara, ƙanena. Ba inji kaɗai ba ne: bwat, wayoyi gaba ɗaya, kwamfutar inji da na'urar makulli, ƙafafun inji, radiyato, salansa, duk sai an canza, kuma ranar sayarwa ba mai so. In V8 a jikin Prado kake so, kamfani ya riga ya yi: Lexus GX470 mai 4.7 da GX460 mai 4.6. Sai dai yawancinsu daga Amurka suke zuwa, a shiga ƙarƙashi a duba tsatsar gishirin hanya a shasi, kuma agogonsu mil yake ƙirgawa, 150,000 a can kilomita 240,000 ne.

Ga aikin da ka faɗa, gari da Yamai sau biyu a wata, V6 ta isa. Toyota da kanta, da ta fitar da samfurin 300 a 2021, V6 mai turbo biyu ta sa masa. In kaya zuwa Abalak ya zama na kowane mako, to a duba V8, kuma ni 4.6 ta esansi zan nuna maka, mai sifirin na ƙarfe. Ka guji mai dakatarwar haidirolik da ke ɗagawa tana saukewa, irin ta LX, don in ƙwallayenta suka mutu motar tsalle take kamar jaki, gyaran kuma ba na kowane gareji ba ne. Ranar gwaji ka iso inji yana sanyi, kada ka yarda a ɗumama maka shi. A sa na'ura a karanta kwamfuta, a yi kilomita 20 da kilim a kunne, sannan a bar ta tsaye minti 15 cikin rana kana kallon allurar zafi.