Neman kalma: matakin da ke riƙe da saurin haɗuwar sinadarai

Malaman kemistiri na Kaduna, ku kawo ɗauki. Me za mu kira rate-determining step da Hausa? Yara sun haddace shi tsaf, amma ka ce a zo allo a nuna shi, sai aji ya yi tsit.

Ga abin da ake nufi. Iskar NO₂ (nitrogen dioxide) da iskar CO (carbon monoxide) suna haɗuwa su ba da NO da CO₂. Muddin zafi bai kai digiri 225 na ma'aunin Celsius ba, ko ka ninka CO biyu saurin ba ya motsi, amma ka ninka NO₂ biyu, sai ya ninku huɗu. Aikin hawa biyu ne. Da fari NO₂ biyu ke yin karo su haifar da NO₃ da NO, a nan ake shan wuya. Daga nan NO₃ ya miƙa wa CO oksijin ɗaya nan take. CO bai shigo ba sai bayan an gama wahalar, shi ya sa babu shi a lissafin sauri.

Wata malama daga Tudun Wada ta ce "mataki mafi jinkiri" ya wadatar.

Malama, kin kusa, sai dai akwai tarko. Da zarar aiki ya kankama, hawa na biyu ba ya cinye NO₃ fiye da wanda na farko ya ba shi, tafiyarsu ɗaya. Dubi gadar kogin Kaduna da yamma: motocin da ke ɓullowa shataletalen Station ba sa wuce adadin da gadar ta saki. Abin nema shi ne wa ke riƙe da tafiyar.

An kawo "matakin nawa". A rubuce yaro zai ɗauka tambaya ce, ya amsa da "biyu". "Wuyan kwalba" kuwa Turanci ne ya sa babbar riga.

Wani dattijon malami daga Kakuri ya ce "matakin linzami". Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta zauna. A littafi da jarrabawa mu rubuta "matakin ƙayyade sauri", a aji mu ce linzami.

Na gwada ta a jimla: wajen haɗa amoniya, tsinka N₂ (iskar naitrojin) a kan ƙarfe shi ne matakin linzami, kamar yadda binciken Gerhard Ertl, masanin kemistiri ɗan Jamus da ya karɓi kyautar Nobel a 2007, ya nuna.