Me ya sa hasashen makomar ƙanƙarar Thwaites yake shan bamban?

Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina karatun kimiyyar yanayi, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai game da kogin ƙanƙara na Thwaites da ke yammacin Antaktika, wanda aka ƙiyasta cewa idan ya ƙare ƙurmus ruwan teku zai ƙaru da kusan santimita 65. Taurarin ɗan'adam suna auna saurin tafiyarsa, jiragen sama masu na'urar radar sun auna kaurinsa, kuma manhajojin lissafi daban-daban duk suna fitar da saurin da ya dace da na yau. To me ya sa hasashensu na shekaru 100 masu zuwa ba ya zama ɗaya, har ake ɗora laifin a kan gogayyar ƙanƙara da ƙasan da take kwance a kai?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Dacewar da kika gani ba hujja ba ce, domin da gangan aka samar da ita. Ba a iya auna gogayyar kai tsaye a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kilomita ɗaya ko biyu sai a ƴan ramukan da aka haƙa, don haka masana suke yin lissafin a juye: sai su yi ta sauya ƙarfin gogayyar a kowane wuri har saurin da kwamfuta ta fitar ya yi daidai da wanda aka auna a sama. Douglas MacAyeal ne ya shigo da wannan dabara a farkon shekarun 1990, kuma kusan kowace ƙa'idar lissafin gogayya aka ɗauka ana iya daidaita ta haka.

Saɓanin yana bayyana ne idan ƙanƙarar ta fara sauyawa. Ƙa'idar da Johannes Weertman ya kawo a 1957 ta ɗauka cewa ƙasan dutse ne mai tudu da kwari, kuma duk lokacin da sauri ya ƙaru gogayya ma tana ƙaruwa ba iyaka, wato ƙanƙarar tana taka wa kanta birki. A 1981 Almut Iken ta nuna cewa ruwa yana cika guraben da ke buɗewa a bayan tuddan, saboda haka gogayyar tana da iyakar da ba ta wucewa, kuma Christian Schoof ya tsara wannan cikin lissafi a 2005.

Injiniya Lawal:
Malam ya yi bayani, amma a ganina an fi samun matsala inda ƙasan ba dutse ba ne. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike daga jami'ar Caltech ta Amurka sun huda wata ƙanƙarar yammacin Antaktika da yanzu ake kira Whillans da ruwan zafi, suka tarar da laka mai haɗe da tsakuwa, jiƙe sharkaf, kuma matsin ruwan da ke cikinta ya kusa ɗauke nauyin ƙanƙarar baki ɗaya. Irin wannan laka ƙarfinta ya dogara ne da nauyin ƙanƙara bayan an cire matsin ruwa, ba da sauri ba. A 2020 Lucas Zoet da Neal Iverson sun juya zoben ƙanƙara a kan laka a ɗakin gwaji na jami'ar jihar Iowa, suka ga gogayya tana hawa da farko, sannan ta tsaya cak komai ƙaruwar sauri.

Ma'anar wannan ga Thwaites babba ce, domin ƙasansa yana ƙara zurfi idan aka nausa cikin nahiyar. Idan ƙanƙarar bakin teku ta yi siriri ta kusa fara iyo, gogayyar wurin tana raguwa, nauyin da take riƙewa ya koma kan ta baya, janyewar ƙanƙarar zuwa cikin nahiyar kuma ta fi saurin yaɗuwa fiye da yadda ƙa'idar Weertman take nunawa.

Hadiza:
Na gode ƙwarai. Ke nan da an daina amfani da tsohuwar ƙa'idar, an huta?

Malam Bashir:
Ba haka ba ne, Malama, domin binciken da ake yi ta hanyar aika girgiza cikin ƙanƙara a saurari dawowarta ya nuna cewa ƙasan Thwaites gauraye yake, wani wuri dutse, wani wuri laka. Sabbin ƙa'idojin kuma suna buƙatar a san matsin ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara, wanda yake sauyawa gwargwadon hanyoyin da ruwan yake bi, kuma manhajoji da yawa ƙiyasta shi kawai suke yi daga zurfin ƙasan a ƙarƙashin teku.