Shafin intanet da babu sunan marubuci, yaya ake sa shi a manazarta?

Malamar Kwaleji:

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga ɗaliban NCE a wata kwalejin ilimi, yanzu kuma lokacin duba kundin kammala karatu ne. Shafin manazarta ne ya kawo ni. Wata yarinya ta yi rubutu mai kyau a kan yadda 'yan firamare ke riƙe darasi, da na juya bayan kundin sai ga www.google.com a jere, wani wurin kuma "Intanet, 2023" kawai ta sa. Na kira ta, ta ce wallahi Malama a can ta gani. Ban ga laifinta sosai ba, don ɗan littafin jagora da sashenmu ke sayar musu misalan littafi da mujalla ne suka cika shi, shafin intanet layi ɗaya tal aka ba shi.

Sai zanen nan mai siffar dala, wanda ke cewa mutum na riƙe kashi 10 cikin 100 na abin da ya karanta, 20 na abin da ya ji, 30 na abin da ya gani, har zuwa 90 na abin da ya faɗa ya kuma aikata. Duk ɗalibin da ya yi rubutu a kan kayan koyarwa sai ya liƙa shi a babi na biyu. Ina so in sa shi a takardar darasin zango mai zuwa, amma shafin da suke ɗaukowa ba sunan marubuci, ba shekara, jiya ma da na danna adireshin 404 ya nuna mini, wato shafin ya ɓace. Yaya ake rubuta irin wannan a tsarin APA, wato ƙa'idar rubuta manazarta da muke bi? Kuma wanda ya san inda ake samun littattafan fannin nan kyauta, waɗanda mutum zai kafa hujja da su ba tare da jin kunya ba, ya taimaka. Littafin da ya fi sabunta a kantar laburarenmu ya girmi yawancin ɗalibaina.

Na Laburare:

Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ɓangaren tsari, shi ne abincina. Bugu na bakwai na APA ake ciki yanzu, a ƙarshen 2019 ya fito. Tambaya huɗu za ki yi wa shafin: wa ya rubuta, yaushe, mene ne taken, a ina yake. In babu sunan mutum, duba ko wata hukuma ce ke da shafin, kamar UNICEF ko Hukumar Lafiya ta Duniya, to sunanta ne zai zauna a gurbin marubuci. In ko wannan babu, taken rubutun ne zai matso gaba. In babu shekara sai a sa haruffan n.d. a cikin baka. Taken da rubutun tsutsa, sannan sunan gidan shafin, sannan cikakken adireshin da in an danna zai sauke mutum a kan rubutun kansa. Ki gaya wa yarinyar Google nemo mata shafin ya yi, ba shi ya rubuta ba.

Kalmomin "Retrieved from" da muka saba da su a bugu na shida an cire su, sai ga shafin da abin cikinsa ke canzawa kullum, nan ne ake sa ranar da aka duba. Maƙalar mujalla kuwa a nemi lambarta ta DOI, da 10 da ɗigo take farawa, a rubuta ta da https://doi.org/ a gabanta. Ko mujalla ta sauya gida, lambar za ta kai ki.

Adireshin da ya mutu, kwafe shi ki liƙa a web.archive.org. In sun taɓa adana shafin za ki ga kalanda da ranakun da aka ɗauka, ki zaɓi ɗaya ki yi amfani da adireshinta. A can ɗin dai akwai wurin da aka rubuta Save Page Now. Da ɗalibai za su riƙa adana shafi ran da suka ɗauko, da mun huta da rigima ranar kare kundi.

Tsohon Malami:

Malama 'yata, malamin laburare ya faɗi daidai, amma dalar nan kada ki wahalar da kanki wajen gyara mata manazarta. Ki fitar da ita gaba ɗaya.

Sunan Edgar Dale ake jingina mata. Shi dai a littafinsa na 1946 a kan koyarwa da kayan ji da gani ya zana mazubi, ya jera hanyoyin koyo daga abin da yaro zai taɓa da hannunsa zuwa kalma tsura. Lamba ko ɗaya bai sa ba. Alƙaluman daga baya aka manna su. Ɗaya daga wuraren da suka fara yaɗuwa wata maƙala ce ta 1967 da wani ma'aikacin kamfanin mai na Mobil, D. G. Treichler, ya rubuta, kuma bai nuna gwajin da ya haifar da su ba. Ke ma ki dube su da idon malama. Wane gwaji ne aka yi wa 'yan Adam sakamako ya fito 10, 20, 30 cif-cif? An riƙe me? Bayan awa ɗaya ko bayan wata? Yara ko manya? Ki kwatanta da Ebbinghaus, Bajamushen da ya zauna yana haddar gaɓoɓi marasa ma'ana yana gwada kansa, ya buga a 1885. Sauƙin da ya samu wajen sake haddar kashi 58.2 ne bayan minti 20, ya sauko 33.7 bayan kwana ɗaya, 21.1 bayan kwana 31. Haka alƙalumman da aka auna suke fitowa, da 'yan ɓurɓushi a wutsiya. Wannan ki ba ɗalibai, ki kuma gaya musu mutum ɗaya ne kacal aka gwada, su yi ta gardama a aji.

Haka dalar Maslow, wadda ta jera buƙatun ɗan Adam hawa-hawa. Maƙalarsa ta 1943 a mujallar Psychological Review babu zanen dala a ciki, wasu ne suka zana daga baya. Har ma ya faɗa da kansa cewa ba dole buƙata ta biya ɗari bisa ɗari ba kafin ta gaba ta taso, abin da dalar ke ɓoyewa. Maƙalar na nan kyauta a shafin Classics in the History of Psychology na Christopher Green a Jami'ar York da ke Toronto, tare da ta Watson da Rayner ta 1920 a kan jariri Albert da suka koya wa tsoro a gwaji. Mu da muka tashi muna jin malaman zaure na tambayar isnadin hadisi kafin su karɓe shi, bai kamata zane mai launi ya wuce ta gabanmu ba a tambayi wa ya rawaito ba.

Ɗalibin Digiri na Biyu:

Baba ya gama magana. Ranki ya daɗe Malama, ga na littattafai. OpenStax na Jami'ar Rice da ke Texas suna da Psychology 2e, cikakken littafi ne na gabatarwa, a sauke shi sau ɗaya a raba ta Xender, ba sai kowa ya ƙona data ba. Noba kuma babi-babi ne, kowane babi ƙwararre ne ya rubuta, a ƙasansa an ma rubuta yadda za a sa shi a manazarta. Dukansu lasisin Creative Commons gare su, za ki iya ɗauka ki gyara ki buga wa ɗalibai, sharaɗin ki ambaci masu shi, na Noba kuma ban da neman riba. Don bincike na gida akwai AJOL, inda mujallun Afirka suke, da littattafan darasi na NOUN, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, da ke shafinsu.

Ki kuma sa ido a kan manazarta mai kyan gaske fiye da kima. ChatGPT na ƙirƙiro maƙala da sunan marubuci na gaskiya, da mujalla ta gaskiya, da lambar shafi, alhali babu ita a duniya. Ki ɗauki taken ki liƙa a Google Scholar ko search.crossref.org, nan take asiri zai tonu.

Malamar Kwaleji:

Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Dala ta fita. Na buɗe maƙalar Maslow a waya, tabbas babu zane.

OpenStax ɗin na duba, yana da kyau, sai dai misalansa na Amurka ne zalla. Ɗalibar da za ta je ta tsaya gaban yara fiye da 80 a aji ɗaya, wasu ko karin kumallo ba su yi ba, sai na sauya mata misalan da na gida. Jeffrey Arnett ya ƙirga a 2008 cewa kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka gwada a manyan mujallun fannin Amurkawa ne, don haka babin girman yaro da tarbiyya sai na haɗa da abin da zan samu a AJOL.

Saura tambaya ɗaya ga malamin laburare. Littafin Ebbinghaus ba ya hannuna, a wani littafin zan karanta alƙalumman. Wanne zan sa a manazarta? Kuma jagoran sashenmu har yau bugu na shida yake bi, shi ne kuma a hannun mai jarrabawa na waje.

Na Laburare:

Wanda kika karanta da idonki shi za ki sa a manazarta. A cikin rubutu sai ki ce Ebbinghaus, 1885, kamar yadda wane ya kawo, da shekarar littafin wanen. Amma fassarar Turancin Ebbinghaus ta 1913 na nan a shafin da Baba ya faɗa, babi na bakwai ne ke da alƙalumman, gara ki je can kai tsaye. Batun bugu na shida, ɗalibai su bi na sashe tukuna don kada a rage musu maki, amma kada su gauraya biyun a kundi ɗaya. Ke kuma ki kai maganar taron sashe. Shafin apastyle.apa.org na da misalan bugu na bakwai kyauta, ki buga shafi biyu ki tafi da su.