Aiki a Abuja, iyali a Kano: in riƙa hawa jirgin sama ne ko in bi ta Rigasa?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba da zirga-zirgar nan. An yi min canjin wajen aiki daga Kano zuwa Abuja, iyalina kuma suna nan Rijiyar Zaki, yara suna makaranta ga Hajiyarmu da nake dubawa, ba halin in kwashe su yanzu, balle kuɗin hayar Abuja kowa ya san labarinsa. Na samu ɗaki a Kubwa wajen wani abokin aiki. So nake in riƙa zuwa gida duk Juma'a in koma Lahadi da yamma ko Litinin da sassafe.

Toh matsalar ita ce hanya. Mota kai tsaye ta Kaduna zuwa Abuja gaskiya raina bai kwanta da ita ba, Hajiya ma ta ce ba da yawunta ba. Jirgin sama daga Kano ko awa ɗaya ba ya kaiwa amma in na lissafa zuwa da dawowa sau huɗu a wata sai in ga albashin ma gaba ɗaya kamfanin jirgi zan riƙa miƙa wa. Wani ya ce min in riƙa shiga mota daga Kano zuwa Kaduna in hau jirgin ƙasa a Rigasa in sauka a Kubwa, wai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shin mai yin haka duk mako zai ɗore kuwa? Ko wahalar ta fi ƙarfin rarar kuɗin da za a samu?

Ɗan Barnawa:

Wa alaikumus salam Malam. Ni jirgin nan shi ne motata, iyalina suna Kaduna ni ina aiki a Garki, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, jirgin ƙasan nan na mutanen Kaduna ne, kai ɗan Kano rabin matsalarka kawai zai ɗauke maka, rabin ma bai cika ba. Layin daga tashar Idu ta Abuja zuwa Rigasa kilomita 186 ne, kai kuwa kafin ka zo Kaduna ka riga ka ci sama da kilomita 200 a mota ta Kwanar Ɗangora da Zariya. In ka sauka a Kawo ba ka iso ba tukuna, sai ka sake neman keke ko tasi ka bi baifas zuwa Bakin Ruwa sannan ka shiga Rigasa har can ƙarshenta inda tashar take, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar Rigasa da safe ya san ba wajen da za ka zo a ƙure ba ne.

Yi lissafin da kanka. Awa uku daga Kano in direba bai tsaya cika mota a Zariya ba, ka ƙara kusan awa guda na ratsa Kaduna da jiran a duba tikiti, sai tafiyar jirgin kanta wadda da farko-farko awa biyu da 'yan mintuna ce amma yanzu ka sa mata biyu da rabi zuwa uku don sun rage gudu. Awa bakwai ke nan ka ga, kuma wannan in komai ya tafi daidai. Zancen ka taso Litinin da asuba ka shiga ofis ƙarfe takwas ma ka cire shi a ranka, ba zai yiwu ba. Lahadi za ka taso, kuma da hantsi, wato ranar Lahadin da kake son yi da yara ta tafi a hanya.

Amma fa ta wajen kuɗi ba a ma haɗa su. Lokacin da aka dawo da jirgin a Disamban 2022 kujerar gama-gari ko dubu huɗu ba ta kai ba, alhali tun Fabrairun shekarar kamfanonin jirgin sama suka mai da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 aka yi ta ihu, yanzu kuwa wanda ya samu a wannan kuɗin ai sai ya yi sadaka. Sannan a jirgin ƙasa kana zaune a esi, ka miƙe ƙafa, ka tashi ka zaga, ka buɗe kwamfuta ka rage aiki, ni rahotannin ƙarshen mako da yawa tsakanin Jere da Rijana nake gama su. Sabis ne dai yake ɗaukewa a wasu wuraren.

Babban ciwon kan shi ne tikiti. Ta intanet ake saya tun 2021, kuma sai da lambar NIN, sunan da ke jikin tikitin shi za a duba da katinka a ƙofa. Ba a buɗe sayarwa sai tafiyar ta matso, na yammacin Juma'a daga Abuja da na Lahadi da safiyar Litinin daga Kaduna kuwa kafin ka gama shigar da lambar katin banki an wawashe. Ni ina da gida a Kaduna, in na rasa sai in koma in kwanta in bi na gobe. Kai in ka rasa fa? Kana tsaye a Rigasa da jaka, ga hanyar da Hajiya ta hana ka bi tana kallonka.

Maman Nusaiba:

Baban Khalifa sannu da fama, Allah ya sa canjin ya zama alheri. Ni harkar atamfa da leshi nake yi, ina kai wa kwastomomi Abuja, jirgin sama nake bi kuma ban ga abin da zai sa in canza ba. Mu a Kano Allah ya taimake mu filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, daga Rijiyar Zaki in ba gosulo minti nawa ne? Wahalar tana can ɓangaren Abuja, filin Nnamdi Azikiwe ya yi wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari, kuɗin tasi daga can zuwa Kubwa kaɗai ya isa ya saya maka tikitin jirgin ƙasa har da canji. Da a Lugbe ka kama ɗaki da ka huta don a kan hanyar filin jirgin take. Duk da haka daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar ɗakinka awa uku da rabi zuwa huɗu ka gama, ka haɗa da zuwa da wuri da jiran kaya.

Sai dai kar in yi maka daɗin baki, wancan lissafin na ranar da jirgi ya tashi a kan lokaci ne. Na yamma su ne masu matsala don jirgi ɗaya ne yake zagaye garuruwa tun safe, in ya makara a Legas da safe toh kai mai jiran na ƙarfe biyar kai za ka biya bashin, sai ka ji ana ta ba da haƙuri a lasifika har isha. Kullum ka nemi na farko da safe. Sannan lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauko Kano sai a soke tashi gaba ɗaya, ko jirgi ya zo har saman gari ya kasa sauka ya juya da ku. A watannin nan kar ka kuskura ka sa ranka a jirgin Litinin in kana da taro da oga.

Ni shawarata yaya, ka daina maganar duk mako. Ka mai da shi duk sati biyu, ka sayi tikiti tun da wuri don farashin yana hawa ne in ranar ta matso, ka taho Juma'a ka koma da na safiyar Litinin, ka samu kwana uku cur a gida. Ya fi maka ka zo duk mako a gajiye ka kwana biyu kana barci yara na kallonka. Ka tambayi maman Khalifa ma ka ji wanne za ta zaɓa, na san amsarta.

Baba Mai Ritaya:

Ɗana Baban Khalifa, na ga duk lissafin kuɗi da awoyi ake yi, ba wanda ya taɓo dalilin da ya sa mahaifiyarka ta hana ka bin mota. Kar ka je ka ce mata jirgin ƙasa ba abin da ke samunsa. Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa bam a layin wajen Katari, jirgin da ya taso daga Abuja da yamma, aka kashe mutane aka tafi da sama da 60 daji, na ƙarshensu 23 sai a watan Oktoba suka fito. Wata takwas jirgin yana ajiye. Da aka dawo da shi sawu biyu kawai yake yi kowane ɓangare a rana kuma aka cire na dare, daga baya ne aka riƙa ƙarawa ana ragewa. Kwana biyu kafin wannan harin kuma 'yan bindiga sun shiga ta wajen filin jirgin saman Kaduna sun kashe mai gadi. A Agustan 2025 ma jirgin ya sauka daga kan layi a Asham aka sake dakatar da shi na makonni.

Ba ina tsorata ka ba ne, ni kaina ina hawa in zan je ganin jikoki, kuma akwai jami'an tsaro a ciki, har yanzu na fi natsuwa da shi a kan titin. Abin da nake nufi, mai tafiya sau ɗaya a shekara in an dakatar da jirgi sai ya fasa tafiyar. Kai da za ka ɗora aikinka da gidanka a kansa dole ka tanadi abin da za ka yi ranar da aka wayi gari an ce babu. Jirgin saman ma haka ne, a 2017 an rufe filin jirgin Abuja mako shida ana gyaran titin saukar jirage, kowa sai Kaduna yake sauka a kwaso shi a bas ko a wannan jirgin ƙasan dai.

Mu da muka hau tsohon jirgi na ƙaramin layi daga Kano zuwa Ikko, kwana da yini har da ɗoriya ana tafiya, a tsaya a Zariya a tsaya a Minna a tsaya a Jebba, mun san amfanin dogo. Maganin matsalarka shi ne layin Kaduna zuwa Kano da Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a 2021, kilomita 203, wanda zai haɗe da na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki za ka hau a Kano ka sauka a Kubwa ba ka taka Kawo ba. Amma kar ka tsara rayuwarka a kan ranar da 'yan siyasa suka ce za a gama.

Abu Ammar:

Ni abin da ke ba ni haushi duk wannan muhawarar ba ta taso ba da jirgin namu yana gudu. Wanda ya je umara ya hau jirgin Haramain ya gani, Makka zuwa Madina kilomita 450 a awa biyu da 'yan mintuna, kusan nisan Kano da Abuja ke nan fa. Wa zai je ya yi layi a filin jirgi in akwai irin wannan? Faransa ma tun 2023 suka hana wasu jiragen sama na cikin gida a inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin awa biyu da rabi.

Ɗan Barnawa:

Abu Ammar wancan na lantarki ne mai gudun kilomita 300 a awa, namu kan dizal ne kuma layi ɗaya ne tal, shi ya sa wani lokaci za ka ga an tsaya a ƙaramar tasha ana jiran mai tahowa ya wuce. Bawan Allah yana tambayar yadda zai ga 'ya'yansa ran Juma'a kai ka kai mu Madina.

Baban Khalifa:

Hhhh Allah ya kai mu Madinar dai gaba ɗaya. Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara girma, Hajiya Maman Nusaiba na tambayi maman Khalifa kuma kin canka. Abin da nake gani yanzu zan gwada duk sati biyu, in tafi gida ta Rigasa ran Juma'a tunda tashar Kubwa tana kusa da ni kuma ko na makara gida zan je ba ofis ba, in dawo ta sama Litinin da safe. Malam Ɗan Barnawa, in na sauka a Rigasa da yamma ana samun motar Kano a nan tashar ko sai na fita Kawo? Kuma jirgin cikin gari na Abuja da ake cewa yana zuwa filin jirgi, zai iya kawo ni wajen Kubwa?

Ɗan Barnawa:

Ana samu, direbobi suna tsayawa a bakin tashar suna kiran Kano da Zariya da zarar jirgi ya iso, kuɗinsu ya ɗara na Kawo amma ka huta da ratsa gari. Ka dai nemi jirgin da zai sauke ka da sauran rana, kar ka bi na ƙarshe ka zo kana shiga Kano sha ɗayan dare, in ya kama ka roƙi oga ya sake ka bayan sallar Juma'a ko kafin ta ma tunda matafiyi ne kai. Na cikin garin kuma eh, an dawo da shi a Mayun 2024, yana tasowa daga filin jirgi ya biyo ta Idu ya shiga tsakiyar gari, a Idu ake canzawa zuwa reshen da ya nufi wajen Kubwa. Amma ba kowane lokaci yake tashi ba, ka duba jadawalinsa ya dace da saukarka, in ba haka ba ran Litinin ka wuce ofis kai tsaye da jakarka, Kubwa sai dare.