Ina za a sa safaya a Fijo 504 bayan tukunyar gas ta cinye but?

Mai Fijo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Motar 504 ce salun, haɗin Kaduna. An sa mata tukunyar gas a but, an canza wili zuwa na alminiyam mai inci 15 da taya 195/65 R15, sannan an sa babbar salansa da ta ratsa ta wurin kejin da ke riƙe safaya a ƙarƙashin but, har aka cire kejin. Yanzu safaya ba ta da mazauni sai kujerar baya. Ina neman shawarar masana.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Da farko a sauke ta daga kujera yau ɗin nan. Taya da wilinta sun kai kilo 15, idan aka yi karo kuwa kan mutanen gaba za ta nufa. Na biyu, wilin nan kai tsaye ya hau kusoshin motar, ko da adafta aka ɗaura shi? Amsar ita za ta nuna irin safayar da za ta yi maka.

Mai Fijo: Kai tsaye ne Oga, na 505 ne.

Oga Bakanike: To ka huta. Wilin 504 da na 505 huji huɗu ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140, wato 4x140, don haka wilin ƙarfe na asali mai inci 14 zai hau. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne neman safaya mai kama da sauran huɗun. Ba kama ake nema ba, tsayi ake nema. Ga lissafin: 195/65 R15, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, milimita 195, wato kusan milimita 127. Ninka biyu, ƙara 381 na wili (inci 15 ke nan a milimita), ka samu wajen 635. Tayar asali 175/80 R14 kuma, 140 sau biyu da 356, ta ba ka 636. Milimita ɗaya ce tsakaninsu, amma ta asalin ta fi siranta da santimita biyu, kuma dominta aka ƙera kejin da aka cire. Shawarata a mayar da keji, a kauce da salansa. Salansa bututu ce, ana lanƙwasa ta yadda ake so.

Mai Faci: Na goyi bayan Oga, sai dai a kula wurin saye. Yawancin tayar 14 da ke kasuwa yanzu 185/70 ce ko 175/70. Ta farkon 615 take, ta biyun 601. Ta 601 ɗin ta gaza da fiye da kashi biyar cikin ɗari, alhali bai kamata a wuce uku ba. 504 da ƙafar baya take ja, idan ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ƙananan giyoyin cikin aksul ba sa hutawa, sai su yi ta juyi mai yana zafi. Idan dole ta sa aka samu gajeriya, a sa ta a gaba, a mayar da lafiyayyiyar ta gaba baya. Wahalar jak sau biyu ce, amma ta fi sauke aksul. In ba a samu 175/80 ba, 185 R14 ta wagon za ta yi, tana wajen 650, sai dai a gwada ta a keji kafin a biya kuɗi.

Injiniya: Wani tarko a wilin 505: akwai na TRX, faɗinsa milimita 390 ne, ba 381 ba. A ido sai ka rantse inci 15 ne, amma tayar 15 ba ta zama a kansa. Duk wanda zai je Panteka ko Kofar Ruwa neman wili na biyar ya karanta rubutun da ke jikinsa.

Baban Walda: Maganar keji. Idan an samu na asali a wurin masu yanka mota, shi ya fi, har da maƙullinsa da ake saki daga cikin but. In babu, ana ƙera shi da rodi mai milimita 12: sanda biyu a ƙarƙashin tayar, madogara mai juyawa a gaba, ƙugiya a baya. A fara yanka kwali daidai da'irar tayar a ɗaga shi ƙarƙashin motar, a gani ko ya taɓa tanki, aksul ko sifirin. A yi wannan gwajin da mutum uku zaune a baya, domin motar da ba kowa a ciki ba ta nuna gaskiyar tazara.

Tsakanin salansa da roba a bar aƙalla santimita 10. Inda wuri bai ba da haka ba, a sa garkuwar alminiyam a tsakiya, da iska ta kowane ɓangare. Garkuwar da aka manna a jikin salansa ba ta tare zafi sosai, miƙa shi take yi. Tayar da salansa ta gasa tana tsattsagewa ta gefe ɗaya, ranar da aka sa ta kuma ta fashe da wuri.

Kuma don Allah, babu walda ko giranda a motar nan sai masu aikin gas sun rufe bawul, sun sauke abin da ke cikin bututu, in so samu ne sun cire tukunyar. Matsin gas ɗin cikinta ya kai 200 a ma'aunin bar. Tankin fetur ma yana nan kusa.

Direban Funtuwa: Ranku ya daɗe, me zai hana a ɗora safayar a kariyar saman mota a huta? Haka 'yan wagon ke yi tun da can.

Oga Bakanike: Ana yi, Alhaji, kuma 504 tana da kwatar ruwa a gefen rufi mai riƙe kariya da kyau. Illarta uku: rana tana cin roba, ɓarawo yana gani, sauke kilo 15 daga sama a gefen titi da dare kuma ba na kowa ba ne. In za a yi, a huda farantin ƙarfe a ɗaure ta da kusa ta hujin wili, a sa kwaɗo da tampol. Igiyar roba ba ɗauri ba ce.

Injiniya: Wadda ban yarda da ita ba ita ce ratayewa a bamba irin ta jif. 504 salun ba ta da shasi daban, bodi ne ke ɗauke da komai. Tukunyar ƙarfe mai lita 60 ta kai kilo 60 ko fi, ta riga ta danne baya. A ƙara taya da ƙarfen riƙonta can ƙarshen mota, gaba zai yi sauƙi, fitila ta kalli sama, wurin ɗaurin ya fara tsagewa a gargada. Ga rufe lamba, wanda shi kaɗai ya isa a tare ka. Ko da keji za a yi, a auna tsayin bayan motar daga ƙasa. Idan ta zauna, a canza sifirin baya da mafi kauri da shoka tukuna, in ba haka ba kejin ne zai riƙa dukan tudun rage gudu.

Mai Fijo: Idan salansar ta ƙi kaucewa fa, ba za ta kwanta a ragowar but ba?

Baban Walda: Auna daga tukunya zuwa bakin but. In akwai santimita 66, za ta kwanta. A kifa wilin yadda raminsa zai kalli sama, jak da sifana su shiga ciki. A huda ƙasan but a sa kusa M12, wato mai kaurin milimita 12, da faranti mai kauri milimita 3, faɗin santimita 10, a ƙarƙashi, don bodin siriri ne, washa kaɗai ɓallewa take yi. A leƙa ƙasa kafin huji saboda bututun mai da na birki, a shafa fenti a bakin hujin don tsatsa. Kada tayar ta jingina da tukunya ko ta tare hannu daga kaiwa ga bawul.

Direban Funtuwa: Wasu sun ce ruwan liƙe huji da ɗan famfo sun wadatar.

Mai Faci: Ga ƙusa a tsakiyar taya, i. Ramin da ya yanka gefe ko ya lanƙwasa wili, babu ruwan da zai liƙe shi, kuma irin wannan ne ya fi yawa a titunanmu. Jami'an kiyaye haɗurra ma safaya suke tambaya, rashinta laifi ne mai tara. A riƙe famfon a matsayin ƙari.

Sai kuma noti. Na wilin alminiyam sau da yawa mazauninsa daban ne da na ƙarfe, don haka a ajiye na asali guda huɗu a leda tare da jak. A duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida kada a saya, komai kyawun zanenta. A riƙa duba iskarta duk wata, bawul yana kallon inda geji zai kai.

Oga Bakanike: Kafin a biya mai walda, a ɗaura safayar a gaba da baya a tsakar gida, a juya ta da hannu a ji ko tana gogar birki. Sannan a ɗora motar a jak ta baya, a gwada sauke kejin da tayar a sace, domin motar da ta yi faci tana zama ƙasa da kusan santimita 10, wani kejin kuma a nan yake ƙin buɗewa.

Mai Fijo: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da awon kwali, in turo hoton ƙarƙashin motar Baba ya duba hanyar salansa.