Hotunan kamu sun ƙi buɗewa a kwamfuta, wai CR3

Auta: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a agaza min. Ogana ya yi tafiya ya bar min kyamararsa Canon 250D, jiya na je na ɗauki kamu. A bayan kyamara komai ras. Da safen nan na juye a laftof, sai ga fararen takardu a jere, babu fuskar kowa, ƙarshen sunan kowanne .CR3. Hoto 412 ne. Wani yaro a shagon kusa da mu ya ce bairos ne ya cinye katin, in kawo ya yi masa fomat. Yayar amarya ta kira ni sau uku.

Hajiyar Studiyo: Wa'alaikumussalam. Kada ka kuskura ka ba shi katin nan! Cire shi ka sa a aljihun gaba, ka ɗora hannu a kai. Hotunanka lafiyarsu ƙalau. Oganka a kan RAW, wato ɗanyen hoto, ya bar kyamarar, kai kuma ba ka duba ba.

Auta: Wallahi Hajiya har na ji sanyi. Amma na gwada guda ɗaya, na goge CR3 na rubuta jpg a wurin, ya ƙi.

Baba Mai Nagatif: Yaro, in ka rubuta "tuwo" a jikin buhun masara, ka ci? Mayar masa da sunansa. Lokacin da muke aiki da fim, in an dawo daga biki ba hoto ne a hannunmu ba, nagatif ne, sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke. Abin da ke hannunka ke nan. JPEG hoto ne da kyamara ta wanke maka da kanta, ta zaɓi kala, ta zubar da saura. Wannan kuwa ɗanye ne, kai za ka wanke.

Auta: Allah ya ƙara girma Baba. To me ya sa nake ganinsu a bayan kyamara?

Injiniya: Saboda a cikin kowane RAW kyamara na cusa JPEG na leƙe, shi take nuna maka. Yanzu dai mu fara da mai sauƙi. Shiga Microsoft Store ka nemi Raw Image Extension. Kyauta ne, na Microsoft ne da kansu, bai da nauyi. Kana sa shi hotunan za su bayyana a folda, Photos ma zai buɗe su. Amma sai Windows 10 ɗinka ta kai 1903 ko sama. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta winver, ka faɗa min me ka gani.

Auta: 22H2 ya nuna, oga. Sai dai Store ɗin ba ya buɗewa, tun da aka yi min sabon Windows haka yake.

Injiniya: Na san irinsu, waɗanda ake yanke wa rabin kayan ciki wai don su yi gudu. Bar shi. Sauke FastStone Image Viewer, sabon fitowa, tsofaffin ba su san CR3 ba. Ko XnView MP. Duk biyun kyauta suke ga mai amfanin kansa, in sana'a kake yi da su akwai lasisi na kuɗi, gara ka sani. Za ka ga hotunanka nan take, don JPEG ɗin cikin suke jawowa.

Hajiyar Studiyo: Injiniya, gani daban, kai wa mutane daban. Yayar amarya ba leƙe take so ba, hoto take so a wayarta. Auta, saurare ni. Je shafin Canon ka sauke Digital Photo Professional 4, mu DPP muke ce masa. Kyauta ne, amma za su tambaye ka lambar jikin kyamara, tana ƙasanta kusa da inda ake ɗaura ta a ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: su suka ƙera fayil ɗin, manhajarsu ce kawai za ta ba ka kalar da ka gani a bayan kyamara ba tare da ka taɓa komai ba. In ya buɗe, zaɓi duka, shiga File, Batch process, zaɓi JPEG, ka nuna masa sabuwar folda. Ka jona caji, ka je ka yi sallah ka ci abinci. RAM ɗinka nawa?

Auta: Giga 4.

Hajiyar Studiyo: To ka ƙara da barcin rana. Kuma kar ka juya 412 gaba ɗaya. Nan FastStone ɗin Injiniya zai yi maka rana: bi su da sauri, fitar da na masu rufe ido da na masu tauna, in ka samu 150 masu kyau ka gode Allah. Su kaɗai za ka ba DPP.

Na Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni Nikon gare ni, D7100, namu NEF ake ce mishi. Mu ma muna da namu na gida, NX Studio, kyauta, ya fito a 2021 ya maye gurbin ViewNX-i da Capture NX-D. Amma abin da ya cece ni ran da wuta ta ɗauke kwana biyu, kyamarar ce da kanta. A menu na gyaran hoto akwai NEF (RAW) processing, tana wanke maka JPEG a cikin katin, ɗaya bayan ɗaya. Hoto 30 na fitar haka a ƙarƙashin bishiya, babban yatsana sai da ya yi tsami.

Admin: Tunda an taɓo, bari in jera sunayen RAW na kowane kamfani don masu zuwa daga baya. CR2 da CR3 Canon. NEF Nikon. ARW Sony, manhajarsu Imaging Edge Desktop. RAF Fujifilm. ORF Olympus. RW2 Panasonic. DNG na Adobe ne tun 2004, shi wayoyin Android da yawa ke bayarwa in ka kunna RAW. A ci gaba.

Ɗan Editin: Ni ban ga amfanin wannan zagaye-zagayen ba. A buɗe a Photoshop ko Lightroom kawai.

Auta: Na gwada, yallaɓai. Photoshop CS6 ne a kan laftof ɗin, ya ce bai gane fayil ɗin ba.

Injiniya: Ba zai gane ba har abada. Camera Raw (abin da Photoshop ke buɗe RAW da shi) na ƙarshe da CS6 ke karɓa shi ne 9.1.1, na 2015. Lightroom 6, wanda ake saya sau ɗaya, an daina sabunta shi a ƙarshen 2017. CR3 kuwa sai 2018 ya fito tare da M50, 250D ɗin ma 2019 ce. Ka ga tsoho ne ake tambaya labarin jikan da aka haifa bayan ya rasu. Dabara ɗaya ce: Adobe DNG Converter, kyauta. Ka nuna masa foldar, ya mayar da su DNG, a saitinsa ka zaɓi dacewa da Camera Raw 7.1, sai CS6 ya buɗe. Ka dai tuna wurin ajiya zai kusa ninkawa. Hotunanka yanzu kowanne na tsakanin mega 25 zuwa 30, ka lissafa 412, ka haura giga 10.

Ɗan Editin: Ko ya zo in zuba masa sabon Lightroom a filasha.

Admin: Ban da manhajar sata a zauren nan, mun sha faɗa.

Hajiyar Studiyo: Ni ganau ce. Shekarun baya wani ya zuba min irin wannan "kyautar", bayan sati biyu duk fayilolin kwamfutar suka canja suna, aka bar min takarda wai in biya. Bikin mutum biyu na ciki. Allah ya so ni ban goge katunan ba. Tun ranar nake biyan Adobe kuɗin wata, kuma ba na goge kati sai hoto ya kwana a wuri biyu.

Malam Linux: In kuɗin wata ne matsalar, ga darktable ga RawTherapee, halal, ba ko sisi, suna aiki a Windows. darktable na buɗe CR3 tun daga 3.8. Masu manhajar gyaran hoto ta GIMP su sani shi kaɗai ba ya buɗe RAW, sai ya jingina da ɗayan biyun nan.

Baba Mai Nagatif: Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Na buɗe darktable ɗin nan sau ɗaya, na ga maɓallai kamar gaban jirgin sama, na rufe na yi istigfari. Yaron nan ana kiransa a waya.

Malam Linux: Na yarda Baba, ba na yau ba ne. Amma Auta ka ajiye sunan. Gargaɗi ɗaya in ka fara: zai riƙa haifar da ƙananan fayiloli masu .xmp kusa da kowane hoto, RawTherapee kuma .pp3. Gyaranka ne a ciki, don ba sa taɓa asalin hoton. Ƙanina ya gan su ya ɗauka shara ce, ya share min aikin kwana uku.

Maman Biyu: Ni tambaya gare ni a kan wannan. Na buɗe RAW a Lightroom, hoton ya fito da kyau na daƙiƙa ɗaya, sai ya dishe kamar an wanke atamfa da bilic. Kwamfutar ce?

Injiniya: Ba ita ba ce, Anti. Na farkon JPEG ɗin leƙe ne, mai kalar kyamara. Na biyun shi ne fassarar Lightroom. Shiga Profile, ƙarƙashin Camera Matching ki zaɓi Camera Standard ko Portrait, zai matso kusa da abin da kika gani.

Ɗan Editin: Shi ya sa ni a biki JPEG nake ɗauka, ba ruwana da ciwon kai.

Hajiyar Studiyo: Har ranar da za ka haɗu da ango baƙi wuluk cikin farar shadda, ƙarfe 2 na rana a ƙofar masallaci. In ka auna hasken fuska, rigar ta ƙone, aikin wuyan da ya biya maɗinki kuɗi mai yawa ya zama farar takarda. In ka auna rigar, ango ya zama inuwa. JPEG matakin haske 256 gare shi a kowace kala. RAW mai bit 14 yana da 16,384. A cikin wannan ratar ake jawo zaren aikin ya dawo, a ɗaga fuska ba tare da ta yi toka-toka ba. Ba sihiri ba ne, in ya ƙone ƙurmus ya tafi, amma sau da yawa yana nan. Ga kuma fitilun masu kwalliyar wuri, shuɗi da ja, da ke mayar da amarya kamar aljana. A RAW ɗigo ɗaya za ka danna a kan wani farin abu, farin ya koma fari, fata ta koma fata.

Auta: Hajiya kamar kina wurin. Fitila mai ruwan hoda suka kunna, duk ƙawayen sun zama jajaye.

Hajiyar Studiyo: To oganka ya yi maka gata bai sani ba. A DPP gyara guda ɗaya, akwai alamar ɗigo wajen White balance, danna kan farin kyallen tebur ko farar kujera. Sai ka kwafi gyaran, su recipe suke ce masa, ka manna wa sauran da aka ɗauka a ƙarƙashin wannan fitilar. Na waje ka bar su.

Mai Tuffa: Mu masu Mac sai kallo. Ka zaɓi fayil, ka danna dogon maɓallin tazara, ya buɗe.

Na Maraɗi: Sai ka aiko mishi da ita a mota.

Baba Mai Nagatif: Auta, kafin oganka ya dawo, shiga menu wajen Image quality ka ga inda aka sa RAW. Kar ka canja masa, kayan mutum ne. Amma ran da ka sayi taka, sa RAW da JPEG tare. JPEG na masu gaggawa, RAW na ranar farar shadda.

Auta: Alhamdulillah! DPP ya sauka, ga amarya, ga kowa. Na tace sun koma 163, ya fara juyawa, yana kan na 9. Fankar laftof ɗin na kuka kamar injin markaɗe. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. In sun gama ta WhatsApp zan tura mata?

Hajiyar Studiyo: A matsayin Document, in ba haka ba zai matse su. Kuma sai ta cika maka ragowar kuɗinka.

Auta: Ai ƙanwar ogan ce amaryar.

Baba Mai Nagatif: To ɗora laftof ɗin a kan murfin tukunya ya sha iska, kar ku yi asara biyu.