Kwanon tangaran ɗin sarakunan Sin: na gaske ne?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Na sayo wani ɗan kwano a Guwanzu, jikinsa ruwan hoda, an zana furanni, a gindinsa haruffa huɗu cikin murabba'i. Mai shagon ya rantse na zamanin Kangxi ne, wani tsohon sarkin Sin. Masana, me kuka gani?

Maman Ilham: Alhaji, nawa ka biya tukuna? Irin wannan kamfanin gwanjo na Sotheby's ya yi gwanjonsa a Hong Kong a 2018, sama da dalar Amurka miliyan 30.

Malam Tarihi: Wa alaikumus salam. Sunansa falangcai. A wancan zamanin, a garin Jingdezhen ake gasa farin kwanon, a kai fadar Beijin, masu zanen sarki su shafa launin gilashi, a sake gasawa da wuta mai sauƙi. Kaɗan aka yi, mafi yawansu suna gidan tarihi na Taipei. Haruffan gindi ba hujja ba ne, tun farkon ƙarni na 20 ake kwaikwayonsu. Shafa furannin da yatsa: zanen hannu yana ɗan tudu, na inji sumul yake. Ko da tudun ma, sai ƙwararre ya duba.

Ɗan Kwari: Sumul yake, Malam. To, Hajiya ta samu na zuba dabino.